Likita Ya Ce Cutar Ta Lafa: Na Warke Ke Nan?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa, yawancinsu daga Hausawan Legas, kusan duk magana guda suke zagayawa: cutar daji, da kalmar nan da likitoci ke faɗi da Turanci, wato rimishan, wadda majinyaci ke ji a asibiti ya dawo gida ya fassara wa dangi da "na warke". Masu amsawa likitan cutar daji ne da ma'aikaciyar jinya ta ɗakin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji da akan ɗura ta jijiya. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Assalamu alaikum. Shekarata 46, a Agege nake. Bara aka cire mini nonon hagu saboda sankara, aka yi mini kemo sau takwas, sannan gashi, wato ƙona wurin da hasken na'ura. Da na koma likita ya duba hotuna ya ce ba a ga komai ba, wai ina cikin rimishan. Maigida har rago ya yanka aka yi sadaka. To amma an ba ni wata ƙwaya an ce in sha kullum har shekara biyar ko fiye, kuma in riƙa zuwa duk wata uku. In na warke, maganin na mene ne? In ban warke ba, don me ba a faɗa mini gaskiya ba?

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Ragon maigida bai tafi a banza ba, labarin da kika samu na farin ciki ne. Likitanki kuma bai ɓoye miki komai ba, iyakar abin da ya sani ya faɗa.

Rimishan a Hausance ita ce lafawa. Idan aka ce cutar ta lafa gaba ɗaya, ana nufin an taɓa da hannu, an ɗauki hoto, an gwada jini, ba a ga alamarta ba. Warkewa kuwa ita ce a ce babu ƙwayar cutar ko guda a jiki, kuma ba za ta dawo ba har ƙarshen rai. Ta farko ana iya aunata yau. Ta biyu babu na'urar da ke aunata, sai shekaru sun shuɗe ake waiwayowa a ce ashe an warke.

Ga lissafin da ya sa haka. Ƙullin sankara mai faɗin santimita 1, kamar ƙwayar gyaɗa, yana ɗauke da ƙwayoyin halitta tsakanin miliyan 100 zuwa biliyan 1. Hoton siti sikan, wanda na'ura ke ɗauka na cikin jiki, ba ya ganin abin da bai kai milimita biyu ko uku ba. A ce magani ya yi aiki sosai ya kashe 999 cikin kowace 1,000 na biliyan ɗin: saura miliyan 1. Ko a wuri guda suka taru, girmansu bai wuce kan allura ba, balle sun watsu a ƙashi ko huhu ko hanta. Hoto zai fito fes. Shi ya sa "ba a gani ba" daban, "babu" daban.

Wanda ya taɓa noman dawa ya san ƙuduji. Ka tuge shi tas bana, gona ta yi kyau, amma irinsa mai kama da ƙura yana kwance a ƙasa, yana iya shekara goma ko fiye bai tsiro ba sai ranar da ya ji saiwar dawa. Haka wasu ƙwayoyin sankarar nono suke yi, musamman irin da ke cin abinci daga sinadarin mata da ake kira istirojin. Tunda an ba ki ƙwayar shekara biyar, taki irin wannan ce. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya bi dubban mata har shekara 20, ya nuna cewa bayan sun gama shan ƙwayar na shekara biyar, a shekaru 15 da suka biyo baya cutar ta dawo wa kashi 13 cikin 100 na masu ƙaramin ƙulli da bai taɓa kaluluwa ba, ta kuma dawo wa kashi 41 cikin 100 na masu ƙulli mafi girma da ya kama kaluluwar hammata da yawa. Ki karanta lissafin ta ɗaya gefen ma: a kowane rukuni waɗanda ba ta dawo musu ba su ne suka fi yawa. Mai yiwuwa ne ƙwarai kina cikin waɗanda suka riga suka warke. Matsalar ita ce ba a iya tantance su tun yanzu, don haka kowa ake ba maganin.

A shekarunki mai yiwuwa ƙwayar tamoksifen ce, miligiram 20, sau ɗaya a rana. Aikinta ta toshe ƙofar da istirojin ke bi ya ciyar da ƙwayoyin da suka saura. Shanta na shekara biyar yana rage haɗarin mutuwa daga wannan cuta da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ga wasu ana ƙara wa'adin zuwa shekara goma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne daga ƙwaya guda. Amma nan ne aka fi tuntuɓe. Mace takan ji garau, ga zafin jiki da zufa na dare da ƙwayar ke kawowa, ga kuɗin saye duk wata, sai ta ajiye a shekara ta biyu ba ta faɗa wa kowa ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan. In laulayinta ya dame ki, ki faɗa wa likita, akwai abin da ake yi, akwai kuma wasu ƙwayoyin da ake komawa kansu idan jinin al'ada ya ɗauke gaba ɗaya.

Ki tsayar mata da lokaci guda, misali bayan sallar isha'i. Da azumi babu buƙatar tsallakewa, a sha da buɗe baki ko da sahur. In kin manta kika tuna a ranar, ki sha. In har gari ya waye, ki ci gaba da ta ranar kawai, kada ki haɗa biyu. Abu biyu ne ba a jira ranar asibiti a kansu: zubar jini ta gaba wanda ba na al'ada ba, domin ƙwayar takan kaurara bangon mahaifa, da kumburin ƙafa guda mai zafi ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, domin takan sa jini ya daskare a jijiya. Saboda wannan na biyun, in za ki hau motar dare zuwa Kano ko jirgin Makka, ki sha ruwa sosai, ki riƙa motsa ƙafa, ki sauka ki taka duk inda aka tsaya. Kuma ba a ɗaukar ciki ana kan wannan ƙwaya.

Zuwa asibiti kuma tsarinsa shi ne duk wata 3 zuwa 6 a shekaru uku na farko, duk wata 6 zuwa 12 a ta huɗu da ta biyar, daga nan sau ɗaya a shekara, tare da hoton nonon da ya rage sau ɗaya kowace shekara. Kada ki ga ba a tura ki hoton dukan jiki kowane zuwa ba ki ɗauka sakaci ne. An gwada an ga cewa ga macen da ba ta jin komai, yawan hoto ba ya ƙara tsawon rai, sai kashe kuɗi da tayar da hankali. Abin da ya fi hoto shi ne ki san jikinki: sabon ƙulli a kan tabon aiki, a hammata ko a gindin wuya, ciwon baya ko ƙugu da ya wuce mako biyu zuwa uku yana hana barci, tari da ya ƙi tafiya, ciwon kai mai zuwa da amai da safe, ido ya yi rawaya, ko rama ba dalili. Yawanci in an duba wani abu ne daban, amma a duba ɗin.

Ɗan kasuwa ne ni a Mile 12. An yanke wa yayana wani sashe na babban hanji shekara huɗu da suka wuce. Ana ta ce mana in ya kai shekara biyar shi ke nan. Ina wannan shekara biyar ta samo asali, kuma gaskiya ce?

Alhaji, Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Likitoci sun fi sassauci, sun tsaya a biyar, amma tunanin iri ɗaya ne: lokaci ne shaida.

Shekara biyar ma'auni ne da masu ƙididdiga suka zaɓa don su kwatanta magani da magani, ba wata katanga ba ce da cuta ke tsoron tsallakewa. Ga wasu cututtukan ta dace sosai, kuma daji na babban hanji yana cikinsu. Wanda zai dawo, kusan 8 cikin 10 a shekaru uku na farko yake dawowa, kuma fiye da 9 cikin 10 kafin shekara biyar. Ke nan yayanka ya riga ya haye mafi zurfin kogin. In ya cika biyar hotuna na fitowa da kyau, likitoci da yawa za su yarda su ce masa ya warke. Haka abin yake ga sankarar bakin mahaifa, wadda ta fi dawowa a shekara biyu zuwa uku na farko. Amma ga irin sankarar nonon da muka yi bayani a sama, da ta ƙoda, da wasu na furostet, wato 'yar gaɓar da ke ƙasan mafitsarar maza, shekara biyar ba ta rufe littafi.

Kada ya yi wasa da shekarar da ta rage. Gwajin jini na CEA, wani sinadari da kan ƙaru in cutar ta dawo, duk wata shida, hoton siti na ƙirji da ciki kamar sau ɗaya a shekara, da leƙen hanji da na'ura mai kyamara, wanda akan yi shekara ɗaya bayan aiki, in ya yi kyau sai bayan shekara uku, sannan duk shekara biyar. Wannan na ƙarshen ba ya tsayawa ko an ce ya warke, domin hanjin da ya taɓa yin daji yana iya fitar da sabon tsiro. Dalilin sa ido haka shi ne, idan ciwon ya ɓulla a hanta ko huhu a wuri ɗaya ko biyu aka gan shi da wuri, ana iya yanke shi, kuma wasu suna warkewa a karo na biyu. In yana shan taba ya sani tana ɗaga CEA ko babu cuta, ga sauran ɓarnarta.

Kai kanka, in uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ya kamata a leƙa naka hanjin tun kana shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da yayanka yake da su lokacin da aka gano nasa, duk wanda ya riga zuwa.

Yarona ɗan shekara shida yana da kansar jini. Bayan wata ɗaya da fara magani aka ɗebi ɓargonsa aka ce ya lafa. Ya koma cin abinci da wasa. Kakarsa ta ce a kawo shi gida Katsina ya huta da allurai. Ni mai gadi ne a Idi-Araba, kuɗi sun ƙare. In kai shi?

Malam, kada ka kai shi yanzu. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace gaggawa a shafin nan.

Irin kansar jinin da ta fi kama yara tana lafawa da wuri, cikin mako 4 zuwa 6, a fiye da yara 9 cikin 10. Ma'anar lafawar ita ce, in aka duba ɓargo da madubin likita, ɓatattun ƙwayoyi ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma ranar da aka gano cutar akan sami kusan tiriliyan 1 nasu a jikin yaro, don haka ko an kashe 99 cikin 100, abin da ya saura biliyoyi ne. In aka tsaya a nan, kusan babu makawa sai ta dawo cikin 'yan watanni, kuma ta biyu ta fi taurin kai domin ƙwayoyin da suka tsira su ne waɗanda magani bai ci ba.

An biya wannan darasi da tsada. A 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya ba da rahoton yara 16 da ya ba wani sabon magani, 10 cikinsu cutar ta lafa, abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Amma lafawar ba ta ɗore ba. Sai da aka koyi haɗa magunguna da yawa, da zuba magani a ruwan ƙashin baya don cimma ƙwayoyin da ke ɓuya a ƙwaƙwalwa, da ci gaba da magani na shekaru, sannan yara suka fara warkewa. Yau a ƙasashe masu hali kusan 9 cikin 10 na masu irin wannan cuta suna rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yawancin ƙasashe marasa ƙarfi yaran da ke warkewa daga cutar daji ba su kai 30 cikin 100 ba, kuma barin magani a tsakiya yana cikin manyan dalilai.

Tsarin duka shekara biyu ne zuwa uku. Watannin farko su ne masu wuya da tsada. Daga baya sai a koma matakin riƙo, wanda yawancinsa ƙwayoyi ne a gida: markaftofiyurin kullum, metotireksat sau ɗaya a mako, da gwajin jini a kai a kai don daidaita adadi. Ko a wannan matakin ba a son tsallake: an gano cewa yaran da ke rasa fiye da 5 cikin kowane sha 100 haɗarin dawowar cutarsu ya ninka fiye da sau biyu. Duk lokacin da zazzaɓinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, ba a tsayawa maganin maleriya a kemis, domin garkuwar jikinsa a ƙasa take.

Maganar kuɗi kuwa, ka faɗa wa likitocinsa ƙarara cewa ka gaza. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen jin daɗin jama'a, kuma ma'aikatan ɗakin yara sun san masu taimakawa. Ka kai kukanka masallacin unguwa da fadar Sarkin Hausawa da takardar asibiti a hannu. In zama a Legas ne ya gagara, to ba barin magani za a yi ba, sauya asibiti za a yi, da wasiƙar likita zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, a tabbatar sun karɓe shi kuma an san ranar allura ta gaba kafin a hau mota. A gaya wa Hajiya kaka cewa jikan nata yana hanyar warkewa ne, bai iso ba tukuna.

Mahaifiyata tana da sankara da ta bazu zuwa huhu. Bayan kemo huɗu an ce ƙullin ya ragu da kusan rabi. In an ƙara huɗu zai ƙare ke nan?

Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alherin jinya. Abin da aka samu shi ake kira lafawa ta wani ɓangare. Ana auna tsawon manyan ƙulle-ƙullen a hoto a haɗa jimla. In jimlar ta ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100, an ce ta lafa wani ɓangare. In ta ƙaru da kashi 20 ko sabon ƙulli ya fito, cutar ta ci gaba. Tsakanin biyun an ce ta tsaya cik, kuma wannan ma nasara ce.

Sai dai lissafin "huɗu sun cinye rabi, huɗu za su cinye saura" ba ya aiki. Kemo na farko yana share ƙwayoyi masu saurin mutuwa, masu taurin su ke saura. Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce, yawancin cututtukan daji da suka bazu zuwa wata gaɓa ana danne su ne, ba a tumɓuke su. Akwai waɗanda suka fita daban, kamar na 'ya'yan maraina, da wasu na kaluluwa, da wanda ke tasowa daga mabiyiya bayan ciki, waɗanda ake warkarwa ko sun bazu.

Dannewa kuma ba abin rainawa ba ce. Akwai masu shekaru suna harkokinsu da cutar a jiki, kamar mai hawan jini da ƙwayarsa. Wata kansar jini ta manya da a da take kisa cikin 'yan shekaru, tun da aka fito da ƙwayar imatinib a 2001 masu ita da yawa suna rayuwa kusan kamar kowa. Ku tambayi likita tambaya guda a fili: maganin nan na warkarwa ne ko na rage ƙarfin cuta? Amsar ita za ta nuna muku ko ya dace a sayar da fili don ƙarin zagaye, ko a ba ta hutu ta ga jikokinta. In tana jin ciwo a nemi maganin ciwo mai ƙarfi, har da mofin na sha. Ba alamar an sallama ta ba ce.

Ni dattijo ne a Obalende, shekarata 68. Ana yi mini allura a ciki duk wata uku saboda furostet. PSA ɗina ya sauko daga 90 zuwa ƙasa da 1. Yarana sun ce in daina allurar haka nan.

Baba, Allah ya ƙara girma. Allurar ba ta kashe cutar ba, yunwa ta sa mata. Tana tsayar da sinadarin maza da ƙwayoyin ke rayuwa da shi, sai su kwanta, PSA, wato sinadarin furostet da ake aunawa a jini, ya faɗi. In aka daina, sinadarin ya dawo cikin watanni, su ma su farka. Akwai tsarin da likita kan ba da hutu yana auna jini, amma shi zai tsara, ba yara ba.

Lambar PSA ma fassararta ta danganta da abin da aka yi wa mutum. Wanda aka cire wa furostet gaba ɗaya, ya kamata ta sauka har ta kusa ɓacewa, in ta kai 0.2 aka maimaita ta tabbata, an fara zargin dawowa. Wanda aka yi wa gashi, sai ta haura mafi ƙanƙantar lambar da ya taɓa samu da maki 2. Ku riƙa gwaji a ɗakin gwaji guda, ku rubuta kowace lamba da kwanan wata a littafi ɗaya, domin tafiyar lambobin ake karantawa, ba guda ɗaya ba. Allurar tana rage ƙarfin ƙashi, don haka tafiya a ƙasa kullum tana da amfani.

Akwai mai maganin gargajiya da ya ce ya warkar da mata da dama daga sankarar nono cikin wata biyu, har yana nuna hotunansu. Ƙarya yake?

Ba sai mun ce maƙaryaci ne ba, a tambaye shi abu uku. Na farko, an yanki tsokar matan an gwada kafin ya fara? Mafi yawan ƙullin nono ba sankara ba ne, wasu ma da kansu suke bajewa. Na biyu, ba su riga sun yi aiki ko kemo ba kafin su zo wurinsa? Sau da yawa asibiti ya yi noma, wani ya zo ya yi girbi. Na uku, ina matan suke bayan shekara biyar? Wanda ya ce "warkewa" a wata biyu ya faɗi abin da likitan da ke da dukan na'urori ba zai iya faɗa ba. Addu'a da sadaka ba sa karo da magani, a dage da su. Amma jiƙe-jiƙe da agbo da ba a san abin da ke ciki ba suna iya taɓa hanta da ƙoda, kuma su ne gaɓoɓin da ake aunawa kafin kowane kemo. In sun taɓu sai a ɗage zagayen.

Shekarata 24. Na yi kansar kaluluwa irin ta Hojkin, yau shekara uku da gama magani ba a ga komai ba. Wani ya fito neman aurena, za mu koma Sakkwato. In ce masa na warke? Zan haihu?

Ƙanwarmu, Allah ya sanya alheri. Ki faɗa masa yadda abin yake, domin gaskiyar taki mai kyau ce: kin yi cutar da fiye da mutum 8 cikin 10 ke warkewa daga gare ta, wadda in za ta dawo ta fi dawowa a shekara biyu zuwa uku na farko, kuma kin wuce su. Ba a ɗaukarta ta zaman aure ko cin abinci tare. In zai yarda, ku je wurin likitanki tare ya ji da kunnensa, ya fi ya ji a bakin 'yan unguwa.

Haɗin magunguna huɗu da aka fi ba masu wannan cuta ba kasafai yake hana 'yan mata haihuwa ba, musamman in al'adarki ta dawo daidai. Akan ce a jira kamar shekara biyu bayan magani kafin ciki, kin riga kin cika. In an yi miki gashi a wuya, a riƙa gwada sinadarin maƙoshi duk shekara. In a ƙirji ne, ki fara hoton nono shekara takwas bayan gashin, ba sai kin kai arba'in ba.

Kafin ki bar Legas ki karɓi takardunki, ki yi musu kwafi biyu ki kuma ɗauke su a waya: sakamakon gwajin tsoka, matakin da cutar ta kai, sunan kowane maganin kemo da adadinsa da yawan zagaye, wurin da aka gasa da yawan gashin, da faifan hotuna. Adadin yana da muhimmanci saboda jan maganin nan, doksorubisin, yana da iyakar da zuciya ke ɗauka a tsawon rai, kuma likitar da za ta duba ki da juna biyu za ta so ta sani don ta sa a ɗauki hoton zuciya. Ki nemi wasiƙa zuwa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, ki buɗe kati a can a watan farko da tarewa, tun kina lafiya lau.